Jakar goyo ko akwatin ja: wanne za ka saya kafin ka rage kaya ka kama hanya?

Wanda ya yanke shawarar sakin gidan haya ya koma rayuwar tafiye-tafiye, yau Yamai, gobe Kwatano, wata mai zuwa Akara, yakan fara da tattara kaya sannan ya je neman abin da zai zuba su. A juya lamarin. Fara sayen jakar, domin ita za ta gaya maka abin da zai bi ka da abin da zai tsaya.

Ma'aunin da ya kamata ka riƙe shi ne na kayan da ake shiga cikin jirgin sama da su. Yawancin kamfanoni suna yarda da kilo 7 ko 8, a jakar da ba ta wuce santimita 55 a tsayi, 40 a faɗi, 23 a kauri ba. Kayan da ake aunawa a saka ƙarƙashin jirgi kuwa galibi kilo 23 ne. Duba ƙa'idar kamfanin kafin ka yanki tikiti, don suna ɗan bambanta.

Akwatin ja mai tauri yana kare kaya daga matsewa, kuma babbar riga mai guga tana isa ba tare da ta yamutse ba. Idan shi ka zaɓa, nemi na robar da ake kira polycarbonate, wanda yake lanƙwasa ya dawo. Na robar ABS ya fi araha amma yana tsagewa idan aka jefa shi. Matsalar akwatin ja biyu ce. Shi kansa, babu komai a ciki, yakan kai kilo 3, ka ga kusan rabin nauyin da aka ba ka ya tafi. Sannan taya. Mai taya huɗu sai a kan tayil na filin jirgi. A tashar mota, cikin yashi da tsakuwa, ƙasa na shiga tayoyin su cije ko su karye, kuma ɗaukar akwati a kan acaɓa wahala ce. Mai taya biyu da aka nutsa cikin jikin akwatin ya fi jure hanya.

Ga mai yawan shiga motar haya, mu jakar goyo mai lita 35 zuwa 40 muka fi so. Nauyinta bai cika wuce kilo ɗaya da rabi ba. Kada ka sayi ta 'yan makaranta. Nemi mai ɗamara mai kauri a ƙugu, saboda ƙugu ne ya kamata ya ɗauki yawancin nauyin, ba kafaɗa ba. Nemi wadda take buɗewa gaba ɗaya kamar akwati, don kada ka zazzage komai kana neman caja. Zif shi ne yakan fara lalacewa: duba ko an buga YKK, sunan kamfanin da ya yi fice wajen yin zif, a kansa, ka ja shi sau da yawa a gaban mai shago, musamman a kwana. Ka kuma ja maɗaurin kafaɗa da ƙarfi ka ga ko ɗinkin zai buɗe. Mai lita 65 ko 70 kuwa ka bar wa masu hawan dutse, duk sararin da ka samu cika shi za ka yi.

Jakar Gana-mas-go tana da amfani wajen kai kaya ajiya, amma zif da hannunta ba sa jure tafiyar yau da gobe.

Jaka ta samu, sai rabon kaya. Sutura kala biyar ta isa, da takalma biyu, da siririyar darduma. Fawa banki a hannu ake shiga jirgi da shi, kuma iyakarsa ba tare da neman izini ba Wh 100 ne (Wh ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka ne). Wanda aka rubuta mAh 20,000 a jikinsa yana kusan Wh 74, ya shiga. Turare da man shafawa kada kwalba ta wuce mililita 100. Sayi adafta, domin soket na Najeriya da Gana mai ƙafa uku ne irin na Ingila, na Nijar da Benin mai zagayayyun ƙafafu irin na Faransa. Fasfo da katin rigakafin shawara su zauna a ƙaramar jaka a jikinka, ka ɗauki hotonsu a waya.

Sauran kayan gida fa? Firji, talabijin, katifa da kujeru a sayar, ko ta hannun dillali, wanda zai kwashe da wuri amma a kan farashi kaɗan, ko ta shafin saye da sayarwa na Jiji da Facebook, inda kuɗin ya fi amma sai ka fara wata biyu kafin tafiya. Ajiye su asara ce, katifa tana funfuna da damina, ɓera yana cin wayar firji. Abin da ya cancanci ajiya a wurin ɗan'uwa shi ne takardun fili, shaidar karatu, littattafai da kayan gado. Zuba su a akwatin ƙarfe ko robar da take rufewa ruf, ka ɗora a kan bulo nesa da bango saboda gara. Cire batir daga rediyo da tocila don kada ya zubar da ruwa ya ci ƙarfen. In ka ƙi rabuwa da janareta, tsiyaye fetur ɗin tanki da na kabireta, in ba haka ba zai daskare ya toshe ta.

Mako biyu kafin tafiya, shirya jakar tsaf, ka aunata a sikeli, ka rayu da abin da ke cikinta kaɗai. Duk abin da ba ka taɓa ba a kwanakin nan, banda magani da takardu, fitar da shi.