Wata shida da katin RTX 3060 a aikin bidiyo na kai tsaye

Haushi ne ya sa na sayi katin nan na sarrafa hoto a kwamfuta. Ina watsa shiri kai tsaye da manhajar OBS, kyamara biyu, sai hoto ya riƙa tsalle, bakin mai magana na motsi murya na biye da shi a baya. Firosesa ce ke ɗauke da komai, fankarta na kuka kamar za ta tashi sama.

Hoto ɗaya na 1080p, wato mai faɗin ɗigo 1,920 da tsayin ɗigo 1,080, ɗigo 2,073,600 ne. In kana son 60 a sakan guda, kowane hoto milisakan 16 da 'yan kai gare shi, wanda ya makara an zubar da shi. Firosesa ƙwararrun ma'aikata gare ta amma 'yan kaɗan ne. Shi kuwa wannan kati da NVIDIA ta fitar a 2021, ƙananan ma'aikata 3,584 ne a cikinsa, waɗanda ake kira CUDA cores, kowa ya kama nasa kason a lokaci guda. Gyaran launi, rage girman hoto, cire koren ƙyalle a bayan mutum, duk aiki ne mai rabuwa. Nan sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Matse bidiyo zuwa H.264 ko HEVC, tsare-tsaren rage nauyin bidiyo, kuma wani sashe ne daban a katin ke yi, NVENC.

A OBS tun ranar farko tsallen ya kau. A FFmpeg, manhajar sarrafa bidiyo, na sha wuya, kuma laifina ne. Mako guda ina ganin saurin bai taka kara ya karya ba, ashe na bar rage girman hoto a hannun firosesa. Kowane hoto sai ya sauko daga katin ta PCIe, hanyar da ta haɗa shi da kwamfutar, zuwa RAM, ma'adanar da firosesa ke aiki da ita, a gyara shi, ya sake hawa. Jigilar ce ke cinye lokacin. Da na koma scale_cuda, umarnin FFmpeg mai rage girman hoto a kan katin, hoton ya zauna kan katin daga shiga har fita, sai na tafa hannu gaban kyamara ina kallon allo, tafin da ke allon ya biyo nawa kusan nan take. Na fi sau biyar ina tafawa ni kaɗai a ɗaki.

Katin yana karanta AV1, wani tsarin matse bidiyo, amma ba ya matsewa da shi, wannan sai jerin RTX 40 zuwa sama. Yana jan wuta wat 170, saboda haka ka duba akwatin wutar kwamfutarka kafin ka saya. Ni sai da na canza nawa.