Sharhi kan ɗan littafin karin maganar mutanen Ailan da na saya a Galway

Wata uku ke nan da na sayi wani ɗan littafi a wani kantin tsaraba da ke birnin Galway na ƙasar Ailan, wanda ya tattara karin magana, sa albarka da tsinuwa irin na mutanen Ailan, kuma tun daga lokacin nake karanta shi a cikin bas a hanyata ta zuwa aiki. Yana shiga aljihun riga, takardarsa tana da kauri, an kuma jera kowace magana da harshensu na asali, wato Gaeilge, tare da fassarar Turanci a ƙarƙashinta.

Sashen karin magana, wanda suke kira seanfhocail, ya gamsar da ni. Akwai wadda ke cewa "Briseann an dúchas trí shúile an chait", ma'ana halin gado yakan ɓullo ta idanun kyanwa, kuma da karanta ta sai na tuna da tamu ta barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wata kuma tana cewa babu murhu kamar murhun gidanka, maganar da ke da nauyi a ƙasar da mutum kusan miliyan ɗaya suka bar ta a lokacin babbar yunwar da ta fara a 1845.

Amma inda littafin ya fi armashi shi ne babin tsinuwa, domin a nan ne tarihin mutanen yake fitowa fili. Idan mutumin Ailan ya ce "Mallacht Chromaill ort", yana roƙon tsinuwar Cromwell ta sauka a kanka ne, wato shugaban sojan Ingila da rundunarsa ta yi kisan kiyashi a garuruwan Drogheda da Wexford a shekarar 1649, kuma abin lura ne yadda sunan mutum ɗaya ya zame zagi tsawon ɗaruruwan shekaru. Akwai kuma mai ban dariya wadda ke fatan kyanwa ta cinye ka, shaiɗan kuma ya cinye kyanwar. Na so a ce marubucin ya faɗaɗa bayani kan duwatsun tsinuwa na tsibirin Inishmurray da ke kusa da gaɓar Sligo a arewa maso yammacin Ailan, waɗanda ake juya su ta hagu idan ana nufin wani da sharri, amma layi biyu kawai ya ba su ya wuce.

Aibin littafin guda biyu ne, kuma ba ƙanana ba ne. Na farko, babu jagorar furuci ko kaɗan, alhali rubutun Gaeilge yana yaudarar baƙo. Sai da wata dattijuwa 'yar yankin Connemara, inda har yanzu ake magana da Gaeilge, da muke aiki tare ta yi dariya har da hawaye kafin ta sanar da ni cewa ba a furta "fh" ɗin da ke tsakiyar seanfhocail. Ita ce kuma ta nuna mini na biyun: an fassara "Go n-éirí an bóthar leat" da cewa hanya ta taso ta tarye ka, alhali abin da ake nufi shi ne tafiyarka ta yi nasara, kusan yadda muke cewa a sauka lafiya. Daga nan na fara zargin cewa wasu dogayen addu'o'in da aka kawo da Turanci zalla, ba tare da asalinsu ba, an tsara su ne domin 'yan yawon buɗe ido.

Wanda yake neman tsaraba zai ji daɗinsa. Mai son ya ji maganar daga bakin masu ita kuwa, gara ya haɗa da shafin dúchas.ie, inda aka ɗora abin da ɗaliban firamare fiye da 50,000 suka rubuto daga bakin iyaye da kakanninsu daga 1937 zuwa 1939, da rubutun hannunsu, kyauta.