Gargaɗi: In ya ce sai an goge tsohuwar tukuna, karɓi wayarka

Jama'ar Yamai, a yi hattara. Akwai samari da ke yawo a tashoshin mota da bakin kasuwa suna tallar "sabuwar" manhajar tura kuɗi, wai ta fi ta Play Store sauri kuma ba ta cire ko dala. Ka ba da jika ɗaya, su tura maka fayil ɗin APK, wato fayil ɗin saka manhaja a wayar Android, ta Xender. Tambari iri ɗaya, launi iri ɗaya, ido ba zai raba su ba.

Amma waya tana rabawa. Android ba ta karɓar manhaja sai da sa hannun wanda ya ƙera ta, sa hannu na lissafi da ake yi da mabuɗin sirrin kamfanin. Ko harafi ɗaya aka taɓa cikin fayil, sa hannun ya lalace, dole ɓarawo ya sa nasa. Wayarka kuwa ta riga ta san na asali. Da ta gwada ta ga sun saɓa, sai ta ƙi ɗora sabuwar kan tsohuwar. Nan ne za ka ji ya ce: "Alhaji, ba komai, sai mun goge tsohuwar tukuna." Wallahi mai gadinka yake so ka kora da hannunka. Daga nan manhajar ta nemi izinin karanta saƙonni, ka buga lambar sirrinka, shi ke nan.

Ba sabon abu ba ne. A 2021 kamfanin tsaron na'urori na Kaspersky ya gano cutar waya mai suna Triada cikin FMWhatsApp, ɗaya daga cikin jabun WhatsApp da matasanmu ke rububi.

Masu sauke fayil a kwamfuta, ku ma ku ji. Gwada lambar SHA-256, mai haruffa da lambobi 64, wadda ke nuna ko an canza fayil, yana da kyau, sai dai bai isa ba in daga shafi ɗaya fayil da lambar suka fito: wanda ya iya musanya fayil zai iya musanya lambar. A Fabrairun 2016 an kutsa shafin Linux Mint, wata babbar manhajar sarrafa kwamfuta, mutane suka sauke gurɓataccen kwafi daga adireshin da suka amince da shi. Ku tantance sa hannun mai fayil ɗin da GPG, manhajar duba sa hannu, ku kuma nemo shaidar mabuɗinsa daga wata kafa daban.

Wanda ya riga ya saka, don Allah ya goge yau, ya canza lambar sirri daga wata wayar, ya je ofishin kamfanin da katin shaidarsa a duba asusun. A duba wayoyin iyayenmu mata ma, su aka fi yi wa wannan tayin.