Ɗakin natsuwa na musamman ko kusurwa a cikin aji: wanne ya fi?

Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari. Tsakanin abu biyun da kika kawo don ɗalibanki masu larurar galahanga (autism) da waɗanda hayaniya ke rikitawa, wato ware ɗaki guda a cika shi da fitilu da kayan oda daga waje, ko gyara kusurwa a cikin kowane aji, ki ɗauki kusurwa. Kuɗin da iyayen yara suka tara kada ki zuba su a ɗaki ɗaya.

Shi ɗakin yana da amfaninsa a inda ya dace. A ƙasar Holan aka faro shi a shekarun 1970, a cibiyar kula da masu larurar ƙwaƙwalwa, inda wuta ba ta ɗaukewa kuma akwai ma'aikacin da aikinsa ke nan. A nan Kaduna kuwa, dogon bututun ruwa mai kumfa da haske da ake sawa a irin wannan ɗaki yana son wuta, yana son tataccen ruwa da za a riƙa canjawa ko ya yi gansakuka, dole kuma a ɗaure shi da bango kada yaro ya jawo shi a kansa. Ɗakin da aka toshe tagoginsa don a samu duhu, a watan Maris da Afrilu ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki. Babbar matsalar ma ita ce mai rakiya. Duk sanda yaro zai je sai babba ya bi shi, to malamar da ke riƙe da yara arba'in wa za ta bar wa ajin? Ƙarshenta a sa masa kwaɗo, sai an yi baƙi a buɗe.

Ki duba yadda kusurwa take aiki. Ruwan Agusta ya kece a kan rufin kwano mara silin, ajin ya ɗauki ƙara har malama ba ta jin muryar kanta. Yaron da ke layi na biyu ya sa tafukansa ya danne kunnuwa, ya fara lilo da jikinsa. Malama ba ta daka masa tsawa ba, ta nuna masa katin da ke nufin ya je kusurwa kawai. Taku shida ya kai shi bayan aji, ya zauna a tabarma, ya sa abin rufe kunne, ya ɗora matashi mai nauyi a cinya, ya kifa kwalbar yashi mai ƙirga minti biyar. Kafin yashin ya gama zuba za ki ga kafaɗunsa sun sauko, numfashinsa ya daidaita. Yana hango allo, malama tana hango shi, darasi bai tsaya ba. Da sai an nemo maɓalli an ratsa ruwa zuwa wani ɗaki, da tuni ya kai ga ihu da buga kai.

Wurin da za ki ware bai wuce mita ɗaya da rabi ta kowane gefe ba, a bayan aji, nesa da ƙofa, nesa da tagar da ke kallon janareta ko titi. Ki sa kafinta a Panteka ya yi miki gajeriyar kanta da ba ta wuce mita ɗaya ba, ya goge kusurwoyinta, ya kafe ta da bango. Ita ce shinge, ita ce ma'ajiyar kaya. Kada a yi labule har sama, domin malama dole ta ga yaron a kowane lokaci. A ƙasa tabarma da siririyar katifa mai rigar leda da za a iya gogewa. Bangon wurin a bar shi fili, babu hotuna babu jadawalin lissafi. Idan doguwar fitilar nan mai ƙyaftawa da ƙugi ce a saman wurin, a cire ta. Mu ba ma lura da ita, amma akwai yaran da take hana sakat.

Abin da ya cancanci ki kashe masa kuɗi sosai shi ne abin rufe kunne, irin na ma'aikatan masana'anta amma girman yara, wanda ba ya amfani da batir. Ki duba lambar rage ƙara a jikin kwalin, wajen desibel 25 ya wadatar. Biyu a kowane aji. Ba na yini ba ne: lokacin ruwa, lokacin taron safe, lokacin da aka tada janareta. Yaron da ya wuni da shi kullum, kunnensa yakan ƙara kasa jure ƙara. A goge soson da tsumma mai ɗan sabulu saboda zufa.

Sauran kayan a gida za a yi su. Matashin cinya, tela a Kasuwar Barci zai ɗinka shi da yadin jins, tsawo kamar santimita 45, faɗi 25, a raba cikinsa gida-gida har shida don kada nauyin ya taru gefe guda. A cika da rairayin da aka wanke aka shanya ya bushe sarai, kowane gida a ƙulle a leda mai kauri, ɗinki biyu, sannan riga mai zif da za a riƙa cirewa a wanke. Kada a zuba gero ko wake ko shinkafa, ƙwari da ɓeraye za su gama da shi kafin zango ya ƙare, damina kuma ta sa ya yi fumfuna. Nauyin ya tsaya wajen kashi biyar cikin ɗari na nauyin yaro: mai kilo 20 kilo ɗaya, mai kilo 30 kilo ɗaya da rabi. Kada ya wuce minti goma sha biyar zuwa ashirin a cinya, a ɗauke. Wani yaron yana sonsa, wani zai ture shi, kuma wanda ya ture a ƙyale shi. Binciken masana ma bai nuna cewa kaya masu nauyi suna yi wa kowane yaro aiki ba.

Bargo mai nauyi kam, kada ya shigo makarantarki ko kyauta aka ba ki. A shekarar 2008, a lardin Kebek na ƙasar Kanada, yaro ɗan shekara tara mai galahanga ya rasu bayan an naɗe shi cikin irin wannan bargo a makaranta. Duk abin da yaro ba zai iya yaye wa kansa ba, ko zai hau ƙirji da fuska, ba kayan aji ba ne.

Mai yawan motsi kuma, wanda ba ya iya zama, ba kusurwa yake buƙata ba. Ki karɓi tsohon tib na mashin wurin mai faci, a yanke bawul ɗin, a wanke, a ɗaura tsakanin ƙafafun kujerarsa na gaba kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, ya riƙa tokarawa da ƙafa yana rubutu. A kujerar mutum ɗaya ake yi, in aka ɗaura a benci sai ya girgiza kowa. A riƙa aikensa da tulin littattafai zuwa ofis, ko ya goge allo. Aikin ƙarfi na minti biyu yana saukar da shi fiye da faɗa.

Abin da ke kashe kusurwa shi ne ranar da malama ta ce “tashi ka tafi can tunda ba ka ji”. Daga ranar ta zama wurin horo, yaron ba zai sake zuwa da kansa ba. A nuna wa dukan aji yadda ake amfani da ita tun ana cikin natsuwa, mutum ɗaya a lokaci guda, minti biyar zuwa goma. Makon farko kowa zai yi rububi, ki yi haƙuri, marmarin zai wuce ya bar masu buƙata.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu talla a Instagram da WhatsApp. Hoton ɗakin Turai za a nuna miki, a kawo miki fitilar biki mai walƙiya. Haske mai ƙyaftawa da sauri yana iya tayar da farfaɗiya, ga shi farfaɗiya ta fi yawa a yara masu galahanga. Wani zai ba ki abin jin kiɗa mai kunnen mage a matsayin abin rufe kunne. Ki sa a kunnenki kusa da janareta kafin ki biya, in ƙarar ba ta ragu sosai ba ki mayar. Matashin da aka kawo ɗinkakke ki ɗora a sikeli, ki tambayi me ke ciki. Ƙwallayen nan masu kumbura a ruwa da kayan wasa masu ƙaramin batir kamar maɓallin riga ki ƙi su gaba ɗaya, yaro ya haɗiye ɗaya sai asibiti. Duk wanda ya ce kayansa suna warkar da galahanga, ki riƙe kuɗinki.

Ki fara da aji ɗaya, ki ajiye littafi a kan kantar. Duk sanda yaro ya shiga a rubuta ƙarfe nawa, me ya faru kafin nan, minti nawa ya yi, me ya ɗauka. Bayan mako biyu ko uku za ki ga bakin zaren, wataƙila kullum bayan tara ne, ko duk sanda aka buga ƙararrawa. Yaron da ke yawan riƙe kunne a fara kai shi Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke nan Kaduna, don wani lokaci ciwon kunne ne kawai. Wanda abin ya fi haka, iyaye su je da shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, ki ba su kwafin shafukansa na littafin su nuna wa likita.