Goron sallah na haɗin gida: wanne za ki yi bana a Makka?

Duk wadda ke zaune a unguwar Shari'a Mansur ko Hindawiyya a nan Makka ta san yadda goman ƙarshe na azumi suke. Gidajen da za a gaisar sun fi ashirin, yara na jiran sababbin riyaloli na barka da sallah, ga kaya sun yi tsada tun da harajin saye ya koma kashi 15 cikin ɗari a 2020. Akwatin cakulan na shago kuwa kowa shi yake kaiwa, a tara shi a falo har ya gundure. Shi ya sa na koma yin nawa da hannuna. Na gwada kusan duka, kuma abu biyu nake dubawa kafin in zaɓa: wa zan kai wa, kuma kwana nawa abin zai yi a zafin garin nan bai lalace ba.

In gidajen na da yawa, aljihu kuma ba nauyi, cincin da dublan ne mafita. Fulawa, sukari da mai ne kawai, duk suna nan a bakala, wato ƙaramin shagon unguwa. Cincin ya fi sauƙi, ya fi daɗewa, sai dai ba ya burge kowa, don kusan kowane gida an soya. Dublan ya fi cin lokaci saboda murzawa da naɗi, amma in an jera shi a faranti yana ɗaukar ido. Ki matsa lemon tsami a ruwan sukarin, ki bari ya tsane sosai kafin ki rufe, in ba haka ba zai yi laushi ya manne.

Alkaki ne nake fifitawa a kan su biyun. Mata da yawa na gudunsa wai ba a samun ɓarzajjiyar alkama a nan, alhali jarish ɗin da Larabawa ke dafawa alkama ce ɓarzajjiya, ki nemi mai laushi. Ana kwaɓa shi da nono ko yis ya kwana ya yi tsami, a sa ɗan ruwan kanwa, a soya a wuta kaɗan har ya soyu ciki, sannan a tsoma a zuma ko ruwan sukari. Aikin kwana biyu ne, ba na gaggawa ba. Amma ba a sayar da shi a manyan shaguna, kuma wannan ne darajarsa. Bara na kai wa wata dattijuwa a Misfala, 'yar asalin Katsina da ta fi shekara talatin ba ta je gida ba. Ta ɓantari kaɗan, ta yi shiru tana taunawa, sannan ta ce, "'Yar nan, wa ya koya miki? Rabona da wannan tun garar ƙanwata." Na ce, "Goggona ce, Hajiya." Ta sa aka ɓoye mata sauran a ɗaki don kada jikoki su gani.

Tuwon madara da gullisuwa na yara ne, kuma madarar gari ba ta da arha. Ki yi kaɗan ki ƙulla a ƙananan ledoji tare da riyal ɗin da za ki ba su.

Dabino mai cushe fa? Yana da sauƙi: a cire ƙwallo a tura gyaɗa soyayya ko loz, wato almon. Dabinon Sukkari na yankin Ƙasim ya yi laushi da yawa, yana dagargajewa a hannu. Safawi ko Sagai sun fi riƙe jiki, Ajwa kuma tsadarta ta fitar da ita daga wannan lissafi. Sai dai gaskiya, kai wa mutumin Makka dabino bayan ya yi wata guda yana buɗa baki da shi ba wani abin a zo a gani ba ne. Ki ajiye wannan wa baƙin da suka zo Umara za su koma Najeriya ko Nijar. Kuma kada ki lulluɓe shi da cakulan. Na taɓa yi, muka makale a cunkoso a hanyar Jidda, kafin mu isa duk ya narke ya zama kunu a cikin kwali, na ji kunya ba kaɗan ba.

Ga surukai da manya, dambun nama ya fi komai kima, amma nama na raguwa sosai in ya soyu, kilo guda ba ya cika roba babba. A ƙaramar sallah ki yi na kaza, ya fi sauƙin kuɗi. Na rago ko na sa ki jira babbar sallah, lokacin da nama ke wadata. Sirrin daɗewarsa shi ne a soya har ruwan ya ƙone ƙurmus.

Abin da ya fi duka arha, kuma aka fi yi min godiya a kansa, yaji ne. Barkono, citta, kanumfari, masoro da tafarnuwa duk akwai su wurin masu kayan ƙamshi. Kimba da daddawa ne sai an nema wurin matanmu masu saro kayan gida, ko a roƙi mai zuwa Umara ta taho da su. Kwalba ɗaya tana kai gida wata biyu ko fi, zafi ba ya taɓa ta. Har maƙwabtanmu Larabawa na so, don sun saba da yajin ƙuli a jikin tsire, wanda su ke kira sire.

Turaren wuta kyauta ce ta girma, amma ba ta wadda ta farka a daren 27 ba ce. Sandal, hawi da farce na buƙatar makonni suna jiƙe cikin turare kafin ƙamshi ya kama su, kuma madarar turare mai kyau na cin kuɗi. In kina so, ki fara tun Sha'aban, itacen kuma ki duba shagunan 'yan Sudan.

Mazubi kada ya cinye miki kuɗin: shagunan abu-hamsa, masu sayar da kayan arha, na da kwalabe da robobi masu murfi. Ki wanke, ki shanya su bushe sarai, don ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya sa dambu ya yi fumfuna. Ni bana alkaki zan yi wa gidaje biyar na manya, yaji ga sauran, kuma na riga na aika a taho min da daddawa daga Kano.