Alfadarin da ya je yaƙin Bama: kwalin finafinan Francis da na sayo a Alaba

Batirin sola ya kai ni kasuwar Alaba wata Asabar, ban je don fim ba. A hanyar fitowa ne na ratsa ta layin masu kayan gwanjo, na tsaya a wani ƙaramin shago da ake zuba tsofaffin faya-fayan DVD a kwali kamar tumatir. A saman tarin na hango hoton alfadari kusa da wani siririn Bature mai zaro ido. Abin da ya tsayar da ni kalma ɗaya ce da na gani a bayan kwalin: Bama, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar. Kakana na wajen uwa can ya yi yaƙi. Mai shagon ya ce dubu goma sha biyu, muka ja, muka daidaita a dubu takwas. Ya kuma yi mini adalci guda: kafin in biya sai da ya saka kowane faifai a na'urarsa na gani da idona yana tashi, sannan ya gaya mini cewa faifan Amurka ne, ba kowace na'ura ke karɓarsa ba. An raba faya-fayan DVD yanki-yanki da lamba: su nasu lamba ta 1 ce, mu Nijeriya muna cikin ta 5. Tawa ta gida irin mai cin kowane faifai ce, don haka ban sha wahala ba, amma duk mai niyyar saye ya duba tasa tukuna.

Finafinai bakwai ne a ciki, duk baƙi da fari, na kamfanin Universal, daga 1950 zuwa 1956, kowace shekara guda. Tushensu littafin da David Stern ya fitar a 1946. Arthur Lubin ya shirya shida na farko, Donald O'Connor ne ke fitowa a matsayin Laftanar Peter Stirling, muryar alfadarin kuma ta Chill Wills ce, mutumin Texas mai kakkaurar murya kamar ta dattijon da ya gaji da wautar yara.

Na farkon, wanda ake kira Francis kawai, shi ne ya biya mini kuɗina. Stirling ya ɓace wa rundunarsa a dajin Bama, sojan Japan na ta ruwan wuta, sai ya ji murya tana ba shi umarni. Ya waiga babu kowa sai alfadarin soja. Dabbar ta gaya masa sunanta da rundunarta har da lambar aikinta, ta ɗauke shi ta kai shi sansani. Daga nan bala'in ya fara, domin Stirling ba ya iya ƙarya. Duk sanda Francis ya tsegunta masa inda abokan gaba suka ɓoye, sai ya kai labari, a je a tarar haka ne, a yaba masa, sannan a tambaye shi wa ya gaya masa. Ya ce alfadari. Sai a mayar da shi ɗakin masu taɓin hankali, a miƙa masa kayan saƙar kwando. Haka ake ta yi, kwandon yana ƙara girma, ma'aikaciyar jinyar nan da ZaSu Pitts ta fito a matsayinta tana ta lallashinsa da muryarta mai rawa. Shi kuwa Francis, da an kawo manya gabansa sai ya yi gum, ya ci gaba da tauna ciyawarsa.

Wannan wurin ne ya kama ni, domin na san shi a rayuwa. Duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin wani a garin nan ya san yadda ake karɓar shawarar ƙaramin ma'aikaci a yi amfani da ita, amma ba a so a ji daga ina ta fito. Francis ya fi kanar da janar sanin dajin, ya fi su lissafi, amma matsayinsa na mai ɗaukar kaya ne, kuma ya san da zarar ya buɗe baki a gabansu ya rasa zaman lafiyarsa. Ba zagi a fim ɗin, ba tsiraici, ba jini. Dariyarsa daga hali take fitowa.

A Agege muke zaune, ɗaki biyu da falo. Daren da muka kalla an ɗauke wuta, na tayar da ƙaramin janareto, yara uku a tabarma, Inna a kan kujera da carbinta. Aikin farko da na yi shi ne bayyana wa yaran mene ne alfadari, domin a Legas aka haife su, jaki ma sai sun je gida hutu suke gani. Na ce uba jaki, uwa goɗiya, kuma shi ba ya haihuwa. Inna ta ƙara musu da cewa shi ne wanda aka tambaya wane ne ubansa, ya ce doki kawunsa ne. Sauran aikin kuma fassara ne. Turancin Chill Wills yana da nauyi a kunne, ko ni sai da na kunna rubutun ƙasa, ina tsayar da fim ina mayar wa Inna da Hausa. Fim ɗin minti casa'in da ɗoriya ne, mu ya ɗauke mu sama da awa biyu.

Can tsakiya, inda aka nuna alfadarai a jere da kaya a bayansu, Inna ta ajiye carbi ta ce, “Kai, tsayar mini da shi nan.” Na tsayar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Aikin nan da dabbar nan take yi, Baba da kansa ya yi shi.”

Gaskiya ta faɗa. Kakana yana cikin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda Turawan Ingila suka kwasa daga nan, suka bi da ita ta Indiya zuwa kwarin Kaladan da ke Bama. Inda suka shiga mota ba ta shiga, don haka harsashi da abinci da sassan manyan bindigogi a ka ake ɗaukarsu, akwai sojoji na musamman da aikinsu ke nan. Runduna ta 82 ta biyo baya, su biyun suka haɗu suka karɓe garin Myohaung a watan Janairun 1945. Hausa ce harshen da akasarin waɗannan sojoji ke magana da shi a tsakaninsu. Mu da ke Legas kullum muna wuce sunayen wuraren nan ba mu lura ba: barikin Myohaung da ke Yaba, barikin Arakan da ke Apapa, har Dodan na Obalende, inda aka mulki ƙasar nan shekara da shekaru. Duk daga Bama aka ɗauko su. A fim ɗin kuwa babu baƙar fuska ko ɗaya cikin dajin nan. Na san labarin sojan Amurka suka tashi bayarwa, ga mutanensu, don su yi dariya shekara biyar bayan yaƙi, kuma dajin ma na bayan kamfani ne a California. Duk da haka abin ya tsaya mini a rai, kuma sai da na gaya wa yaran don kada su ɗauka Bama ta Turawa ce kaɗai. Sojan Japan ma ba a nuna su a matsayin mutane masu tunani ba, inuwa ce kawai da ake kamawa.

Akwai wani abu kuma da ya sa nake kallon bakin Francis da wani ido. A 1944 bataliya uku ta sojan Nijeriya sun shiga cikin dakarun Janar Orde Wingate, waɗanda ake kira Chindit, sunan da barikin Zariya ya gada. Waɗannan da alfadarai suka yi tafiya a bayan layin Japan, kuma don kada kukan dabba ya tona asirinsu, likitocin dabbobi sun yi wa alfadaran aiki a maƙogwaro suka kashe musu murya. Wato ainihin alfadaran da suka yi wannan yaƙin kusa da mutanenmu bebaye ne. Sai ga wanda aka yi wa fim, baki gare shi har ya fi na janar. Tun da na haɗa waɗannan biyun a raina, duk sanda ya gyara wa wani hafsa zance nakan ji wani daɗi da ya wuce na dariya.

Yadda aka sa bakin ya motsa shi ma abin yabo ne. Ba kwamfuta a lokacin. Dabbar ma alfadara ce, sunanta Molly, kuma Les Hilton ne ya horar da ita. Zare siriri ake sa mata a baki, tana ƙoƙarin fitar da shi leɓenta na motsi, sai a ɗora murya a kai. Babban ɗana ya matsa kusa da talabijin yana neman zaren, bai gani ba. Molly ce ta fara cin kyautar PATSY ta dabbobin fim a 1951. Lubin da Hilton ɗin nan su ne daga baya suka yi shirin talabijin na doki mai magana, Mister Ed.

Sauran shidan ba su kai na farko ba, kuma gara in faɗa. Na 1952, inda Stirling ya shiga makarantar hafsoshi ta West Point Francis yana yi masa bitar karatu, yana da daɗi, musamman da yake alfadari ne alamar ƙungiyar wasannin makarantar a zahiri. Sai dai rabinsa ƙwallon Amurka ce, wadda ba wanda ya gane ta a gidanmu. Na 1954 ya fi shi: an yi kuskure a takarda aka tura Stirling rundunar sojoji mata, kuma a nan Chill Wills ya fito da fuskarsa a matsayin janar mai murya iri ɗaya da ta alfadarin. Matata ta yi dariya har da hawaye. Na 1955 na sojan ruwa ne, O'Connor ya fito a mutum biyu masu kama ɗaya, amma gajiya ta riga ta bayyana a fuskarsa da a labarin. Abin nema a ciki shi ne Clint Eastwood yana saurayi, cikin ƙaramin matsayi. Na tseren dawaki da na gidan jarida ba soja a cikinsu, sau ɗaya sun isa. Na ƙarshe, na 1956, an canja kowa: Mickey Rooney a madadin O'Connor, Paul Frees a madadin Wills. Ƙaramar 'yata mai shekara shida ce ta fara cewa, “Abba, wannan ba muryarsa ba ce.” Ba mu kai ƙarshensa ba.

Hoton dai tas yake a duka, sautin ma ba laifi, sai ɗan shuuu na tsufa a wasu wurare. Kwalin nawa ya sha hannu, gefensa ya yage, faifai ɗaya yana da ƙarce amma bai tsaya ba. Wanda yake da yara masu jin Turanci, ko yake da haƙurin fassara wa tsofaffi, dubu takwas ba ta faɗi ƙasa ba, ko da uku kawai zai riƙa maimaitawa cikin bakwai.

Bayan kwana biyu Inna ta sa aka ciro mata wata tsohuwar jaka daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai lambar yaƙi mai siffar tauraro, kintinkirinta ya koɗe, ita ce ta Bama da aka ba mahaifinta. Ban taɓa sanin ta taho da ita daga gida ba. Ta ba yaran suka riƙe ɗaya bayan ɗaya, sannan ta dube ni ta ce in an kawo wuta in sake sa mata na farkon, amma wannan karon kada in tsaya fassara, ta riga ta san abin da alfadarin yake cewa.