Kafin ka biya kuɗin talla a rediyo daga Jidda ko Makka

Mai kargo a Bab Sharif, mai shagon abaya a Balad, mai gidan abinci a Shari' Mansur na Makka, idan wakilin talla ya ajiye musu takardar farashi tambayarsu ɗaya ce: wace tasha aka fi saurara? Wakilin kuwa kullum da amsarsa a aljihu, tasharsa ce kan gaba. Abin da zai dawo maka da kuɗinka dai shi ne sanin tashar da mai sayen kayanka yake kunnawa, da ƙarfe nawa, kuma ko zai iya kiranka bayan ya ji.

A fara da alƙaluman, don nan ne aka fi yi wa mutane rufa-ido. Idan aka ce "muna kaiwa ga mutum miliyan kaza", galibi ana nufin yawan jama'ar da ke zaune inda zangon tashar yake isa, har da jarirai da waɗanda ba su taɓa murɗa rediyo ba. Wannan ba adadin masu sauraro ba ne. Na biyu shi ne yawan waɗanda suka saurari tashar ko da na 'yan mintoci a cikin mako. Shi ma yana kumbura, domin wanda ya ji ta cikin tasi daga Haram zuwa Aziziyya an ƙirga shi. Wanda ya fi amfani shi ne na uku: mutum nawa ne, a matsakaici, suke saurare a kowane kwata na awa a daidai lokacin da za a sa tallarka. Shi za ka nema, a rubuce, na lokacin da kake so, ba na yini gaba ɗaya ba.

Sannan ka tambayi wanda ya yi ƙidayar, da watan da aka yi ta, da yawan waɗanda aka tambaya. Kamfanoni irin su Ipsos da Nielsen wannan ce sana'arsu, kuma hanyoyin sanannu ne: ko a kira mutum a waya a ce jiya me ka saurara, ko a ba shi ɗan littafi ya riƙa cikewa tsawon mako. Duka biyun sun dogara da abin da mutum ya tuna, shi kuwa ɗan Adam sunan tashar da ta fi suna yake fara kamawa. In mutum dubu aka tambaya, kuskuren lissafi kan kai kashi uku cikin ɗari sama ko ƙasa, don haka tasha mai kashi 12 da mai kashi 10 kusan kunnen doki suka yi. Ga kuma abin da ya shafe mu kai tsaye: cikin dubun nan Hausawa nawa ne? Wataƙila ba su cika tafin hannu ba. Ƙidayar da aka yi a Sha'aban ma ba ta aiki a Ramadan, lokacin da gari yake kwana da rana ya farka bayan Tarawihi.

Zaɓi na farko shi ne tashoshin FM na Saudiyya. MBC FM tana nan tun 1994, ga 'yar'uwarta Panorama FM, sai Rotana, Mix FM, Alif Alif da UFM waɗanda suka shigo bayan an ba 'yan kasuwa lasisi a 2010. Ita UFM ta fi karkata ga ƙwallo. Masu sauraronsu akasari a mota suke, shi ya sa safiyar fita aiki da yammacin komawa gida suka fi tsada. Da Larabci ake talla, kuma yawancinsu manyan biranen ƙasar suke watsawa lokaci guda, wato kana biyan kunnuwan Riyad da Dammam ko da shagonka ƙofa ɗaya ce a Jidda. Ka ƙara harajin kashi 15 a kan farashin, kuma ka tanadi rajistar kasuwancinka, sijil tijari, domin ba a rubuta kwantaragi da iska. Wannan zaɓi ya dace da mai rassa da yawa da ke neman Larabawa. Ga mai tuwo da miyar kuka da ke neman alhazai, tsadar ta fi ribar. Tashar Alƙur'ani kuwa, duk da yadda ake jin ta a shaguna da motoci, ba wurin tallar haja ba ce.

Zaɓi na biyu, wanda mutanenmu da yawa suke mantawa, shi ne tashoshin gida. Mai kargo da mai masauki da dillalin jallabiya, abokin cinikinsu yana Kano ko Kaduna ko Maradi, bai ma hau jirgi ba tukuna. Freedom Radio, da ta fara aiki a Kano a 2003, da Rahma da Dala FM da Arewa Radio da Rediyon Kano, da Rediyon Tarayya na Kaduna mai dogon zango, duk da Hausa suke magana, kuma da naira ake biya. Ga lissafi na misali kawai, ba farashin kowa ba: a ce tasha ta farko tana karɓar riyal 1,000 a kan masu sauraro 200,000, ta biyu kwatankwacin riyal 300 a kan 20,000. A ido, ta farko riyal 5 ce kan kowane mutum dubu, ta biyu riyal 15. Amma in ɗaya cikin ɗari ne naka a ta farko, rabi kuma naka ne a ta biyu, sai ka ga kowane mutum dubu naka ya ci riyal 500 a ta farko, riyal 30 a ta biyu.

Sai dai nesa tana da nata ciwon. Saudiyya ta riga Nijeriya da Nijar da awa biyu, ƙarfe takwas na dare a Kano goma ce a Jidda, kuma a daidai lokacin waya za ta fara ƙara, sai a samu mai ɗauka. Kada ka sa lambar Saudiyya, wadda ta fara da 966; ba wanda zai ƙona katinsa ya kira ƙasar waje don tambayar farashin kilo. Ka sa lambar gida mai WhatsApp, a maimaita ta sau biyu a hankali. Wuta kan ɗauke, janareto kan ƙi tashi, talla takan faɗa cikin ramin nan ba wanda ya sani. Ka nemi takardar shaidar watsawa mai ranaku da mintoci, ka kuma sa wani ɗan'uwa ya saurara da rediyon hannu, domin jin tasha ta intanet daga Makka ba ya tabbatar da cewa na'urar watsawarta tana kunne. Tallar Hajji da Umara a Nijeriya kuwa sai ta bakin kamfanin da hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta ba lasisi, kuma hukumar ARCON ce take tantance tallace-tallace.

A cikin tashar ma akwai zaɓi. Jingil na daƙiƙa 30 ko 60 yana buƙatar maimaici. Sau uku a rana na mako biyu a lokaci ɗaya ya fi sau arba'in da aka warwatsa inda tashar ta ga gurbi, wanda galibi tsakar dare ne. Sanarwar da mai gabatarwa ya karanta da bakinsa ta fi shiga, don mutane sun saba da muryarsa, amma ka rubuta masa farashi da adireshi daidai, kada ya yi maka ƙari.

Zaɓi na uku shi ne Facebook da TikTok da Snapchat. Nan kaɗai za ka iya ware mazauna Makka su kaɗai, ka ga adadin waɗanda suka danna. A kula, tun 2022 mai yin talla a shafinsa a Saudiyya sai da lasisin Mausuƙ, riyal 15,000 na shekara uku, don haka ka nemi ganin nasa kafin ka miƙa wa wani mai mabiya kuɗi.

Duk wanda ka zaɓa, fara da mako biyu, ka ware wa kowace tasha lambar waya daban, yaron shago kuma ya riƙa tambayar duk mai kira: "Alhaji, a ina ka ji mu?" ya rubuta a littafi tare da abin da aka saya.